Sayen Geron Zakkar Kono a Kurfi

Wata biyu ke nan da wannan tafiya, kuma ban rubuta komai a ranar ba, don haka mai yiwuwa wasu lokutan sun ɗan gauraya mini.

Dutsin-Ma

Saura kwana uku Sallah, mahaifina, wanda muke kira Malam, ya aike ni Kurfi in auno geron zakkar kono, domin an ce can ya fi sauƙi. Mu goma sha biyu ne a gida. Lissafin Malam tun ina yaro bai sauya ba: tiya ɗaya, mutum ɗaya.

Na fita bayan Asuba, na isa tasha ƙarfe shida saura kwata. Motar ba ta cika ba sai bakwai da minti goma. Abin da na biya na zuwa kaɗai, in ban manta ba, shi na biya bara na zuwa da dawowa. Da na yi magana, direba ya ce in je gidan mai in kai ƙara, shi ma zai biyo ni ya yi shaida.

Hanya

Tafiyar kilomita ashirin da wani abu ce. Mun tsaya a shingen jami'an tsaro biyu, aka leƙa but ɗin motar, aka ce mu wuce. Mun shiga Kurfi kusan takwas.

Kurfi

Na zagaya masu awo biyar. Farashinsu bai bambanta da na gida ba sai da ɗan abin da kuɗin mota ya riga ya cinye. Na shida, wani dattijo a ƙarshen layi, ya faɗi kuɗin da ya yi ƙasa da na sauran sosai. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Ɗan boko, gero ka zo saye ko jarrabawa ka zo yi mini da azumi a baki?"

Aka yi dariya. Na so in ɗauki tiyarsa in duba gindinta, kunya ta hana ni. Ya auna goma sha biyu, kowace a cike har tana zuba. Na hau mota sha ɗaya da rabi.

Gida

Bayan La'asar Malam ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauko mudun Annabi da ya gada, yana aunawa huɗu-huɗu yana kiran sunan kowa. Ya fara da yara. Geron ya ƙare a kan mutum na goma. Saura shi da Inna, mahaifiyata.

Ya juya buhun ya kakkaɓe. Ya ce, "Bai yi maka sauƙi ba, ƙaramar tiya ya sayar maka."

Inna ta shiga ɗaki ta kawo geron da ta ajiye don furar Sallah, aka cike na mutum biyun. An fitar da zakka a kan lokaci, alhamdu lillahi. Baƙin da suka zo yawon Sallah ruwa muka ba su.

Ba na son in ɗauki alhakin dattijon nan, domin ban ga gindin tiyar ba, kuma buhun ya yi tafiya a but. Duk wanda ya yi awo a ƙarshen layin nan a makon, ya kuma sake aunawa a gida, don Allah ya sanar da ni abin da ya samu, in gyara.