Zaren Ƙasa

A unguwar Bukoki in ka nemi shagon Dauda tela, ba za a kwatanta maka da ƙofa ko allo ba. Cewa za a yi, shagon da yarinyar nan take kwance. Yarinyar ita ce Anisa, 'yarsa, mai shekara tara. Ba ta taɓa taka ƙasa ba, ba ta taɓa cewa Baba ba. Tun da aka yaye ta, uwarta Hamsatu kan shimfiɗa mata tabarma a gefen keken ɗinki, ta wuce kasuwar Lazare sayar da kayan miya.

Aiki ɗaya gare ta a shagon, kuma ba ta wasa da shi. Dauda akwai surutu. Yana taka keke yana gardamar kokawa da maƙwabta, sai zaren ƙasa na keken ya ƙare bai sani ba, ya yi ta ɗinkin banza. Ita kuwa kunnenta na kama sauyin ƙarar keken, nan take ta ce, "Aa!" Shi ya sa yake kiranta shef, wato shugaba, yana gaya wa masu kawo ɗinki cewa shi ɗan koyo ne kawai.

Farfaɗiya ta daɗe tare da ita, takan zo ta wuce. Ran wata Talata da hantsi ta zo ta ƙi wucewa. Iyayen suka ɗauki taksi zuwa asibiti, aka yi mata allura, aka sa mata ruwa, jijjigar ta tsaya. Amma Anisa ba ta dawo ba. Ido a buɗe, ba ta bin kowa da kallo. Likitan ya ce jijjiga mai tsawo haka takan taɓa ƙwaƙwalwa, sai dai a jira a gani ko za ta sake gane mutanenta.

Tsoro ya kama Dauda, irin wanda bai taɓa ji ba. Yarinyar da dama ba ta magana, ta ina za a san tana nan?

Washegari ya ɗauro keken a amalanke har asibitin. Madam Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Dogondutse, ta tare shi a bakin ɗaki.

"Baban Anisa, nan lopital ce fa, wajen marasa lafiya, ba atelye na ɗinki ba."

"Madam, ki yi mini rai. Muryar da ta fi sani ke nan, ta fi tawa."

Ta dube shi, ta dubi keken. Ta nuna masa gindin bishiyar dogon yaro, daidai tagar gadon yarinyar, ta kuma jibgo masa yagaggun zanuwan gado don kada ya taka keke babu komai.

Masu jinya suka yi ta tsegumi, wai ga uban da 'yarsa ke kwance amma bai iya barin sana'a ba. Ya ci gaba da taka kekensa. Kwana biyu yana ɗinki, Hamsatu na leƙowa ta taga tana girgiza kai.

Rana ta uku bayan azahar, ƙafarsa na taka keke, hawaye sun rufe masa ido, ba ya ma ganin allurar. Sai ya ji daga tagar, can ƙasa-ƙasa, a dishe:

"Aa!"

Ƙafarsa ta tsaya. Ya ɗaga zanen a hankali. A ƙarshen layin babu ɗinki, sai hujin allura a jere, bai kai taƙi ɗaya ba. Zaren ƙasa ya ƙare yanzun nan.

Ta cikin bango, ta cikin hayaniyar asibiti, daga inda likita da kansa bai san zurfinsa ba, Anisa ta ji.

"Allahu Akbar," ya ce. Hamsatu na kuka a taga tana kiran Madam Rifkatu.

Ya miƙe ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu.

"Na ji, shef. Yanzu zan sa wani."