Ruwan Jego a Thamesmead

Duk shekara, da ganyen bishiyoyin Plumstead ya fara zuba, wata mata mai suna Cynthia takan kira Malam Uwaisu a waya. Bai taɓa ganinta ba. A wani kamfanin bincike take, aikinta ta bi masu gyaran boila ɗaya bayan ɗaya ta ji wane kamfani ne ke ƙera mai aminci, wanne ne ke ƙera ciwon kai. Boila dai ita ce na'urar gas ɗin nan mai dafa ruwa ta ɗumama gida, wadda in ta yi yaji a tsakiyar hunturu mutumin London yakan tuna Allah ko bai shirya ba. Cynthia ta karanto suna, Uwaisu ya ba da maki daga ɗaya zuwa biyar, a haɗa da na sauran masu gyara a buga wa masu saye.

Shi a ransa ba da sunan kamfani yake kiransu ba. Akwai wadda yake ce wa Jaka, don ta yi ta aiki ba ƙorafi. Akwai 'Yar Gata, kyakkyawa a bango, amma in ɗan abu ya lalace a cikinta sai a yi ta jiran kayan gyara har mai gida ya fara zage-zage. Ma'auninsa kuwa ɗaya ne, bai taɓa gaya wa Cynthia ba don bayanin zai yi tsawo: wacce ce za ta iya da wankan jego.

Karatun injiniya ya kawo shi daga Funtuwa yana saurayi. Waɗanda suka turo shi suka manta da shi tun bai yi nisa ba, ya rasa karatu ya rasa makwanci. Marigayi Alhaji Umar Faruq ne ya tsince shi a masallaci, ya ba shi ɗaki, ya kai shi wurin wani mai gyaran famfo ya ce a koya masa. Daga famfo ya koma gas, ya sami lasisi, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku da yake yi wa Hausa suna mayar masa da Turanci, ba kuwa wanda ya taɓa sha'awar ɗaukar masa akwatin aiki. Yanzu furfura ta cinye gemun. Shekaru talatin na durƙuso a kicin ɗin mutane sun gama da gwiwoyinsa, har salla ma a kan kujera yake yi, abin da yake jin kunyarsa sosai. Matarsa Talatu kan shafa masa man zafi tana cewa ya bari haka nan, shi kuma ya ce to, gobe ya sake fita.

Gajiyar ba ta gwiwa ba ce kaɗai. Mutanenmu ba sa gayyatar Uwaisu walima sai sun ƙara da cewa ya taho da akwatinsa. Bayan sallar Juma'a, kafin ya sa takalmi, wani ya riƙe masa hannu yana kwaikwayon irin ƙarar da boilarsa take yi. In ya ba da shawara aka saya, ta lalace bayan shekara goma, laifinsa ne. In ya ƙi bayarwa, ya zama Bature.

Amma babban aikinsa jego ne. Da an haihu, sai uwar mai jego ta sauka daga gida da busasshen ganyen darbejiya da kanwa da yaji a jaka. Kafin ta cire mayafi ta sa hannu a famfo ta ce wannan ba ruwan zafi ba ne, ruwan alwala ne. Sai a murɗa boila zuwa ƙarshe, safe da yamma, har arba'in. Jaka takan jure. 'Yar Gata takan faɗi tun kafin suna. Duk wadda ta faɗi, Uwaisu za a kira.

Haka aka kira shi wata Laraba a watan Janairu. Baha'uddeen ne, ɗan marigayi Alhaji Umar Faruq, wanda aka haifa Uwaisu yana zaune a gidansu, Uwaisun ya goya shi ya kai shi makaranta. Matarsa Zarah ta haifi namiji, mahaifiyarta Hajiya Muhibbat ta zo daga Kano, jibi suna, kuma Hajiya ta ce ruwa ba ya zafi.

Gidan haya ne a hawa na huɗu, cikin dogayen benayen kankaren Thamesmead, kuma lif ta mutu. Ya hau yana hutawa a kowane hawa. Da aka buɗe ƙofa zafi ya buge shi, da ƙamshin turaren wuta da na kunun kanwa. Ya durƙusa iya yadda gwiwa ta yarda ya yi wa Hajiya barka, ta amsa da fara'a, ta miƙo masa jaririn.

"Ga ɗan naku, Malam Uwaisu. Ban taɓa ganin yaro mai haƙuri irinsa ba. Ko kuka ba ya yi, sai barci. Nono ma sai mun tashe shi."

"Masha Allah. Ina mai jegon?"

"Tana kwance. Kanta ke ciwo, ni ma haka. Sanyin garin nan naku ne."

Ya shiga kicin. Tsohuwar boila ce, irin wadda ke shaƙar iska daga cikin ɗaki. Wutarta da ya kamata ta zama shuɗiya ta koma ruwan ɗorawa, tana lilo, ga baƙin hayaƙi ya yi tabo a bango. Ramin shan iskan da ke jikin bangon an cusa masa zani, an bi da salatif an liƙe tsaf, aikin mai kula. Ƙararrawar da ke gargaɗin gurɓatacciyar iska tana kan firji, batirinta a gefe. Kafin ya ajiye akwati, 'yar na'urar awon gurɓatacciyar iska da ke aljihunsa ta fara ihu.

Ya kashe gas, ya bi tagogi yana buɗewa, iskar kogin da ke kusa ta shigo ta kaɗa labule.

"Kai! Kai! Me kake yi haka?" Hajiya ta taso. "Ɗanyen jiki ne a ɗakin nan!"

"Hajiya, wa ya toshe ramin can?"

"Ni. Iska ke shigowa kamar a fili. Wancan abin kuma ya dame mu da tsuwa, na cire masa batir."

Ya yi mata bayani a hankali, murya ƙasa. Wuta in ba ta sami iska ba guba take fitarwa, ba ta da wari ba ta da launi, ita ce ciwon kan, ita ce barcin yaron. Dole a tafi asibiti yanzu, kuma dole ya toshe bututun gas ɗin, ba za a sake kunna boilar nan ba sai mai gidan haya ya canza ta.

Hajiya ba jahila ba ce, shugabar makaranta ta yi har ta yi ritaya, kuma jego bakwai ta riƙe ba wanda ya sami matsala. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ruwan zafi aka kira ka ka ƙara, ka zo ka ɗauke wanda ke akwai. Mai jego ta fita kafin suna? Ta kwana ba wanka? In sanyi ya shige ta, kai za ka yi jinyarta har tsufa? Ko sabuwa kake son sayar mana?"

Wannan ta ƙarshen ta yi masa ciwo. Ya san kafin magariba maganar za ta kai wa mutanenmu har unguwar Dagenham: Uwaisu ya kashe wa jikan mutumin da ya rufa masa asiri wuta ana jibi suna. Ya san kuma akwai hanya mai sauƙi, ya zare zanin, ya goge, ya kunna, a yi masa godiya a zuba masa kunu. Amma yana fita zanin zai koma, don iskar ba za ta daina shigowa ba, Hajiya kuma ba za ta daina son 'yarta ba.

Ya juya wajen Baha'uddeen, wanda ke tsaye tsakaninsu yana kallon ƙasa.

"Sai da izininka zan toshe. Gidanka ne."

"Kawu, are you sure? Ba za a iya yin managing zuwa bayan suna ba?"

"Ɗauki ɗanka ka tashe shi mu gani."

Baha'uddeen ya ɗauki jaririn, ya taɓa kumatunsa, ya kira shi, ya ɗan girgiza ƙafarsa. Yaron ya buɗe ido da ƙyar ya sake rufewa. Uban ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Toshe, Kawu. Zarah! Get your coat."

Suka sauka. Hajiya ta bi su tana naɗe 'yarta da bargo, ta wuce Uwaisu a ƙofa kamar ba mutum a wurin. Ya toshe bututun, ya rataya jar takardar gargaɗi, ya mayar wa ƙararrawa batirinta, ya ja ƙofa.

Yana zaune a mota, waya ta yi ƙara. Cynthia ce, ta makara bana, tana ba da haƙuri. Ba shi da ƙarfin cewa a'a. Ta karanto sunaye, ya ba Jaka huɗu, ya ba 'Yar Gata uku, kamar bara. Ta tambayi sauƙin samun kayan gyara, ya amsa. A ƙarshe ta ce wacce zai sa a gidan danginsa. Ya ce mata kowace ce, in dai ba ta shan iska daga cikin ɗaki. Ta ce babu gurbin wannan amsar. Ya ce to ta sa Jaka, ya faɗi sunanta na gaskiya, suka yi sallama.

Asibiti suka riƙe su kwana guda, suka sa musu iskar numfashi, suka sallame su. Mai gidan haya ya ce sabuwar boila sai nan da mako biyu. Uwaisu ya je masallaci ya roƙi aron babbar tukunyar lantarkin da ake dafa shayin buɗa-baki don dafa ruwan wanka, ya haɗa da hita biyu na ɗumama ɗaki daga gidansa, ya hau da su benen nan shi kaɗai, sawu uku. Aka yi suna a zauren haya. An gayyace shi, amma ya lura hira takan tsaya in ya matso, wani ma ya ce masa cikin raha ashe yanzu shi ma council ne, hukuma mai kafa doka. Ya ci shinkafarsa a gefe ya tafi.

Tukunyar tana yawan tsinke wutar gidan, don haka kullum da safe kafin aiki sai ya hau ya duba. Hajiya takan buɗe, ta amsa sallama a taƙaice, ta koma ciki. Ranar Litinin ya tarar da ita a kicin, idanunta sun yi ja, ta tsoma yatsa a ruwan.

"Bai yi zafi ba."

"Zai yi, Hajiya. A ba shi lokaci."

Daga ɗaki kuka ya tashi, mai ƙarfi, irin na yaron da ke son nono yanzu-yanzu kuma ba ya jin lallashi. Hajiya ta dafe kai.

"Ka ji ko? Tun ranar da ka taɓa injin nan yaron nan ya canza. Dare da rana. Ba wanda ya runtsa a gidan nan."

"Allah ya raya shi," in ji Uwaisu.

Ba ta ce amin da ƙarfi ba, amma leɓenta ya motsa. Ta tura masa kujera da ƙafa ta wuce ɗakin. Yana da aiki a Woolwich, ya riga ya makara, wayarsa tana ta rawa a aljihu. Ya zauna ya miƙe gwiwoyinsa, ya jingina kai da bango, yana sauraron kukan.