Ɗanyun Tukwanen Inna

Ranar da Inna ta bi gida gida tana neman gafara ba na garinmu Bazaga. Ina Konni, a shagona na kayan babur, ina ta ciniki da 'yan kabu-kabu, sai yayata ta kira ni a salula tana kuka. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ta ce a'a, Inna ce ta rantse ba ta ƙara toya tukunya.

Inna maginiya ce. Tun da na buɗe ido nake ganin ta da yumɓu har gwiwar hannu. Randa, tulu, kasko, tukunyar miya, babu gidan da za ka shiga a unguwarmu ba ka tarar da aikinta ba. In ɗanyun tukwane suka bushe, sai ta jera su a matoya bayan gari, ta lulluɓe da karan hatsi da busasshen kashin shanu, ta sa wuta. Hayaƙi ya tashi da la'asar, kafin magariba ya watse. Da wannan aka ciyar da mu, da shi aka sa ni lakwal, makarantar boko.

Abin da ya faru, damina ce ta lalace. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fidda kai, da ya dawo kuma ya dawo da hauka, ya kwashe waken mutane. Bayan girbi wasu masu proje, ma'aikatan raya karkara, suka zo da farar mota, aka tara mata ƙarƙashin itace. Maganar murhu mai cin itace kaɗan ta kawo su, kuma ba su faɗi ƙarya ba. Amma cikin bayani ɗayansu ya ce hayaƙin da ɗan Adam ke tayarwa shi ke ɗumama duniya, shi ke rikita damina. Sauran mata suka ji suka wuce. Inna ta duba garin kaf, ba ta ga mai tada hayaƙi kamar ita ba.

A wurinmu, in akuyarka ta ci gonar maƙwabci, ba ka jira ya zo. Kai ne za ka taka har ƙofarsa ka ce ya yafe maka, don kada ka mutu da hakkinsa. Haka Inna ta yi. Ta yafa mayafi, ta shiga gida bayan gida tana cewa a yafe mata daminar da ta ɓata. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce sun yafe don ta tafi.

Na hau babur na je, raina a ɓace. Na ce, "Haba Inna! Ke ɗin wa? Bututun hayaƙin masana'antar siminti ta Malbaza na can yana aiki dare da rana, manyan motoci na fita, sai ɗan karanki ne zai hana ruwa?"

Ta ce, "Auta, na Malbaza ba a hannuna shike ba. Nawa aka tambaya ta ran gobe ƙiyama."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo mata malami. Ta saurare shi da ladabi, ta ba shi fura, ya tafi. Ɗanyun tukwanen da ta gina suna nan jere a rumfar bayan ɗakinta, randuna manya da tuluna, suna jiran wuta. Ɗanyar tukunya kuwa ƙasa ce kawai, in ruwa ya taɓa ta shi ke nan.

A cikin ranin nan ne na yi tafiyata ta farko zuwa ƙasar Sin sayo kaya. Wani dattijo ɗan Illela da ya daɗe a can yana dillanci shi ya tarbe ni, ya ce sai mun shiga jirgin ƙasa zuwa garin da ake ƙera kayan. Na zauna jikin taga.

Innalillahi! Ni da nake ganin bututun Malbaza abin nuna wa baƙo ne. Ga su nan a jere, wani bayan wani, in wannan ya wuce wani ya fito, har wuyana ya gaji da juyawa. Wasu siriri masu ja da fari, wasu masu ƙaton ciki da gari guda zai shige. Taragun baƙin kwal suna wuce mu, ka jira ƙarshensu ka gaji. Rana tana sama kamar tsohon faifai, ka kalle ta ido ba ya yaji. Na kama hannun dattijon na ce, "Alhaji, gobara ake yi?"

Ya yi dariya. Ya ce ai yau ma da sauƙi. Ya ce wancan kwal ake ƙonawa a yi wutar lantarki, wancan ƙarfe ake narkawa, wancan siminti ne. Ya ce shi siminti, ko ban da wutar da ake hura masa, dutsen kansa in ya toyu iska yake saki mai ɗumama sama. Farin da nake gani daga masu ƙaton ciki tururi ne kawai, mai ɓarnar ba a ganin ta da ido.

Na ce to su kaɗai ne? Ya ce ina! Indiya ma kwal ce. Amurka man fetur ne da gas, kusan kowa da motarsa, ga gidaje ana sanyaya su ana ɗumama su. Turai sun daɗe suna yi, yanzu kaya da yawa a nan ake ƙera musu, hayaƙin ya zauna nan, kayan su tafi can. Sai ya taɓa jakata ya ce, "Har da naka kayan babur, kada ka zare mini ido."

Wallahi maganar ta taɓa ni. Amma can cikin raina murna nake. Na ɗaga salula na ɗauki hoto mai motsi har ta yi zafi a hannuna. Na ce yau na samu abin da zai mayar da Inna matoya.

Da na dawo hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ko shago ban buɗe ba na wuce Bazaga. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsintar wake. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata salula. Ta riƙe da hannu biyu, ta matso da ita kusa da ido. Bututu na wucewa, bututu na wucewa. Bakinta ya buɗe.

"La'ilaha illallahu. Wanga duk hayaƙi na?"

"Duk hayaƙi ne, Inna. Kullum, ba dare ba rana. Kin ga naki ko a lissafi ba ya shiga. Ki tashi mu toya tukwanen nan kafin ruwa ya sauka."

Ba ta ji ni ba. Idonta na kan hoton. Ta ce, "Bayin Allah. Masu farar mota ba su kai gare su ba. Da ka gaya musu, Auta."

Na ce, "Inna, sun sani. Sun riga mu sani. Daga wajensu ma labarin ya zo mana."

Ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarta ba, ko ranar da Baba ya rasu.

"Sun sani?"

"Sun sani."

"Kuma ba wanda ya taka ya ce a yahe mishi?"

Ta miƙo mini salular a hankali, ta goge hannunta a zane. Na sake roƙon ta, na ce ko tukunya ɗaya ce mu toya. Ta ce, "Su da Allah. Amma ni ma yanzu na sani, Auta. In na hura, mi ya raba ni da su?"

Ruwan farko ya zo da iska, ya yaye rumfar. Da safe muka tarar da randunan sun zube, sun koma laka, sai bakin tulu ɗaya a tsaye. Na tsuguna a wurin na yi kuka kamar yaro. Inna ta zo ta tsaya a kaina, ta ce in tashi in sha ruwa. Ta ɗebo mini a jarkar roba da yayata ta sayo a kasuwar Konni, irin wadda na ga ana lodawa a ƙasar Sin. Ruwan da ɗumi, yana warin roba. Ta tsaya har na shanye.