Lambun Gwaggo Tabarya

Ba da wannan sunan aka haife ta ba. Ta same shi ne ranar da wani ɗan iska ya mari 'yarta a bakin famfo, ta bi shi da tabarya har titi, ta karya masa haƙarƙari. Tun daga nan babba da yaro a gidan hayar nan mai bene Gwaggo Tabarya suke ce mata, ita kuwa ko a jikinta, har amsawa take yi.

Wanki ne sana'arta. A ɗakin ƙasa take, kusa da famfon, kuma da baho da sabulu ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Hannunta duk ya tsattsage, amma in ta damƙe ka da shi, wallahi sai ka kira sunan uwarka. Ta taɓa kifa wa wani mai shara bokiti a kai. Ta taɓa cizon matar telan gidan a kafaɗa saboda igiyar shanya. Mace ce da bakinta bai iya jiran zuciyarta, hannunta kuma bai iya jiran bakinta.

To, amma ita ce ta yi lambun. Filin da ke bayan benen juji ne a da, kwalabe da gwangwanaye da mushen ɓeraye. Ita kaɗai ta kwashe shi, ta sassaƙe ƙasar da fartanya, ta shuka tumatir da tattasai. Da maƙwabta suka ga abu ya yi kore, sai kowa ya zo da kwaɗayinsa. Ta yanka wa kowa fegi, ta shata iyaka da fasassun bulo: tela ya sa albasa, malamar asibiti ta sa latas, bakaniken hawa na biyu ya sa alayyafo. Ruwa kuwa daga wankinta yake zuwa, kuma da ƙa'idarsa. Ruwan farko, mai sabulu da bilic, sinadarin nan mai ƙarfi na faranta kaya, kwata yake tafiya. Ruwan ɗauraya na ƙarshe shi take juyewa a 'yar hanyar da ta haƙa, ya bi fegi-fegi. A wurin nan kaɗai za ka ga Gwaggo ta durƙusa tana lallaɓa abu, har da yi wa tumatir magana.

Sai dai inda aka raba ƙasa, faɗa bai nisa. Yau kabewar wani ta tsallaka iyaka, gobe an tsinke wa wani tattasai, kuma kowace rigima da Gwaggo a tsakiya. Ranar da ta jefi tela da rabin bulo, wakilin mai gida ya tara su. Ya ce, "Ku ji da kyau. Jini ya sake zuba a kan ganyen nan, siminti zan malale wurin, kowa ya huta." Gwaggo ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta daure, ta yi watanni tana haɗiye zagi kamar mai shan magani.

Sai ciwon baya ya kwantar da ita. Yayarta ta zo jinya, ta karɓi wankin don kada masu kaya su gudu. Da Gwaggo ta samu ta miƙe, ta dafa bango ta zagaya baya, sai ta tsaya cak. Tumatir ɗinta ya yi laushi ya kwanta, ganyen tattasai ya ƙone ya yi fari-fari. Ga bakanike tsugune a bakin famfo yana wanke wani ƙarfen inji, baƙin mai har gwiwar hannu.

"Kai! Kai ne ka kashe min su!"

"Gwaggo, me na kashe? Dubi nawa ma..."

Bai ƙarasa ba. Fartanya na jingine da bango, kafin ya ɗago ta sauke masa ƙotar a gadon baya. Ya kife a kan bahon da yake wanke ƙarfen a ciki, ya sa hannu zai kare kansa, ta juya bakin ƙarfen ta sara. Ƙarar da yatsunsa suka yi, har matar tela da ke shanya a sama ta ji. Jini ya yi tsartuwa a kan bulon iyaka. Yana ihu yana birgima cikin albasar tela, tana bin sa tana duka, ciwon bayan ma ta manta da shi. Sai da maza suka taru suka danne ta, tana harbi tana kumfar baki, sannan malamar asibiti ta samu ta naɗe hannun da ɗankwalinta.

Yayar ta fito da kumfa a hannu. "Ke, me ya yi miki?"

"Baƙin mai ya zuba min a lambu, Yaya!"

"Wane mai? Ni nake ba su ruwa kullum. Duk bahon da na gama, nan nake juyewa, kamar yadda na ga kina yi."

"Duk bahon? Har na farko?"

"To, ba duk ruwa ba ne?"

Gwaggo ta dubi fegin bakanike. Alayyafonsa ma ya ƙone fari-fari, irin nata. Ta zauna daɓas a ƙasa. A rayuwarta ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ta da wanda za ta daka.

Bakanike ya rasa yatsu biyu. Da ta je gaishe shi, matarsa ta rufe ƙofa a fuskarta, Gwaggo kuma ta juya salin-alin. Wakili bai yi dogon surutu ba, ya turo birkila da leburori da buhunan siminti. Suka tuge komai, mai rai da matacce, suka tara a gefe. Maƙwabta na leƙe ta tagogi.

Da suka zo kwaɓa siminti, birkilan, wanda baƙo ne bai san komai ba, ya hango ta a bakin famfo.

"Mama, don Allah a taimaka mana da ruwa."

Ta cika baho, ta ɗauka da bayan nan mai ciwo, ta kai masa har tsakiyar inda tumatir ɗinta yake a da. Ya ce ta juye. Ta juye, ta koma ɗebo wani.