Kyaftin Zagaye, Matuƙin da Ya Ƙi Sauka

Duk wanda ya zauna a unguwar Gomari ta Maiduguri ya san Manasse Dzarma, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke fitowa ƙofar gida da sassafe, kofin shayi a hannu, ya juya gabas ya tsaya yana kallon sama kamar wanda ya ba gajimare ajiya. Yana nan tsaye sai matarsa Salomi ta leƙo ta ce, "Baban Edith, gajimaren nan ba gudu zai yi ba, shayinka ya huce." Sai ya kurɓe shi haka da sanyinsa, ya hau tsohuwar Vespa ya nufi filin jirgi.

Jirgin da yake tuƙawa ba irin na alhazai ba ne. Ɗan ƙarami ne, kujera huɗu, farfela ɗaya a hanci, mallakar Alhaji Saleh Gana, babban mai fataucin shanu a Maiduguri. Manasse kuwa ɗan malamin makaranta ne daga kudancin Borno, ya koyo tuƙi a Zariya, ya kama aiki da Alhaji tun cikin shekarun 1970. A watan jiya ne likita ya ce idanunsa sun gaji, shi ma bai yi gardama ba, ya ajiye. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi wani abu a kansa tun yana iya ji da kunnensa.

In ya isa fili, sai ya fara shiga ofishin masu duba yanayi ya ji abin da suka gani. Daga nan ya zagaya jirgin yana shafa fukafukai, ya tsiyayi ɗan mai a kwalba ya ɗaga wa rana ko ruwa ya shiga. Kafin ya tayar da inji kuma akwai maganar da ba ya fashin faɗa wa fasinja, ko Alhajin ne da kansa: "Ku ji tun muna ƙasa. In na ce mun juya, to mun juya."

Wannan hali ne ya jawo masa suna. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, ya yi tsiri kamar suri, kansa ya baje. Daga ƙasa abin sha'awa ne ga manomi. A cikinsa kuwa akwai iskar da za ta ɗaga ƙaramin jirgi ta maka shi da ƙasa, ga ƙanƙara, ga tsawa. Manasse yakan ce hadari ba a ratsa shi, ba a bi ta ƙarƙashinsa, gaishe shi ake yi daga nesa. Tafiyar da wani zai miƙe ɗoɗar, shi sai ya lanƙwasa ta kamar baka, ya ba girgije fili ya wuce. Matasan filin jirgi suka laƙaba masa Kyaftin Zagaye, suna cewa in zai kai ka Baga can arewa, ka yi guzurin Biu can kudu. Yakan yi dariya ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Masu zolayar sun san abin da ya yi. Shekarar da bushiya ta afka wa shanu, shi ya riƙa jigilar malaman dabbobi da akwatunan allura cikin ƙanƙara zuwa rugagen da mota ba ta kaiwa. Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rhoda, har yau tana ba da labarin manomin da maciji ya sara, wanda Manasse ya ɗauko ya kewaya da su hadari har ta fara cizon yatsa don haushi, amma suka sauka lafiya mutumin ya rayu. Sai dai duk wannan ba shi ne gwajin ba. Gwajin ya zo a daminar 1988, kuma Hajiya Fanna, ƙanwar Alhaji, wadda ke kujerar baya a ranar, ita ta ba ni labarin.

Da hantsi saƙo ya iso ta rediyon oba-oba cewa Ya Kellu, mahaifiyarsu, ta rasu a ƙauyensu can wajen Ngala, kuma za a jira Alhaji har la'asar kafin a kai ta. Wanda ya san yankin ya san firgi, baƙar ƙasar nan da in ruwa ya taɓa ta take zama danƙo, ta riƙe mota har kaka. Hanya ba ta biyuwa. Abin da ya rage shi ne filin sauka da Alhaji ya sa aka share a gefen ƙauyen, shi ma a kan firgin yake.

Manasse ya dubi gabas, bai ji daɗin abin da ya gani ba. Ya ce, "Alhaji, zan gwada. Amma ka san maganata."

"Na sani, Kyaftin. Mu tafi."

Ba su wuce Dikwa ba suka tarar da hadarin, baƙi ƙirin, ya tare gabas kamar katanga. Manasse ya karya kudu. Alhaji ya dubi agogo, ya dubi hadarin, ya nuna wani ɗan haske a tsakiya ya ce, "Ga ƙofa can." Manasse ya ce irin wannan ƙofar rufewa take yi da mutum a ciki. Suka yi ta bin gefensa daga nesa, duwatsun Gwoza na hannun dama, jirgin na ɗan rawa, Fanna na jan carbi. Sai da suka ga ƙarshensa sannan ya juyo arewa ya biyo ta bayansa, inda sama ta wanke tas.

Hadarin ya riga su zuwa. Ƙauyen yana kan tudunsa lafiya lau, amma filin sauka sai ƙyalli yake yi. Manasse ya sauko ƙasa-ƙasa ya bi ta kansa yana leƙawa. Ruwa kwance, ga wani jaki a gefe ya nutse har gwiwa. Ya san tayar gaba na taɓa wannan ƙasa za ta kafe, jirgi ya kifa. Ya kuma san abin da ake nufi da ɗa ya sa mahaifiyarsa a kabari da hannunsa, don ya zauna da mutanen nan ya ci tuwonsu shekara da shekaru. Ya ja jirgin sama.

"Sauka," in ji Alhaji.

"Ba zan sauka ba, Alhaji."

"Jirgina ne! Uwata ce a can!"

"Jirginka ne, ranka ya daɗe. Amma ba zan sauka ba."

Fanna ta ce ba ta taɓa jin yayanta ya ɗaga murya haka ba, da Hausa da Kanuri, har da kalmomin da ba za ta maimaita ba. Abin da Manasse ya yi shi ne ya kwantar da fiffiken ɓangaren Alhaji, ya shiga zagaya ƙauyen a hankali, yadda tagar Alhaji ke kallon ƙasa. Mutanen gari sun ji ƙara sun fito. Da dattawa suka ga jirgi yana ta kewayawa bai sauko ba, suka gane. Ba su kai gawar masallacin da ke ƙarƙashin itatuwa ba, suka fito da makara fili a kan tudu, inda za a gan ta daga sama, suka ja sahu.

Alhaji ya manna goshi a gilashi, ya buɗe tafukansa, hawaye na zuba a gemu. Manasse yana duban allurar mai yana duban sahu, bai bar wurin ba sai da aka sallame aka ɗauki makara aka nufi maƙabarta. Sannan ya ce a hankali, "Mun juya."

Suna sauka a Maiduguri Alhaji ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni makullin." Ya ba shi. Washegari Manasse ya je gidan makoki a Umarari ya zauna a tabarma cikin jama'a, ya yi ta'aziyya, Alhaji ya amsa bai dube shi ba. Sauran daminar a gida ya yi ta, ba aiki, yara na makaranta, Salomi na fama da keken ɗinki. Abokai suka ce ya je ya ba da haƙuri. Ya ce haƙurin rashi ya bayar, na ƙin sauka kuwa ba shi da shi.

Sai da firgi ya bushe ya tsage, wata safiya mota ta tsaya a Gomari. Alhaji ya fito ya tarar da shi tsaye yana kallon gabas. Ya gaishe shi da Kanuri ya ce, "Wushe, Kyaftin." Ya ajiye makullin a kan benci kusa da kofin shayi. "Kai ni wurin Ya Kellu."

Kai ne, Manasse, wanda aka zaga a sama bai rama ba, bai kuma sauka ba. Kai ne ka yarda a kira ka matsoraci, ka yarda ka rasa abincinka, don wanda ke zaginka ya koma gida da ƙafafunsa. Ba ka da lambar yabo, don ba a ba mutum lamba a kan hatsarin da bai auku ba. Mu dai mun gani, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar ka da Salomi.

Ku kuma masu riƙe da ran mutane a hannu, direban tasha, mai kwalekwale a Baga, matashin da ke koyon tuƙin jirgi yanzu, ku koyi faɗar maganarku tun kuna ƙasa, ku kuma tsaya a kanta ranar da mai gida ke kuka. In kuna shakka, ku ji abin da Alhaji Saleh ya faɗa a 'yar walimar sallama da aka yi a gidansa. Ya miƙe da sandarsa, ya dafa kafaɗar Kyaftin, ya ce:

"Wannan mutumin ya hana ni sa uwata a kabari, na daɗe ban yafe masa ba. Amma a ranar nan kabari ɗaya aka haƙa."