Surukata a Bayan Babur

Shekarun baya, kafin a hana hawa babur a cikin Maiduguri, ina da wani jan mashin da nake ji da shi fiye da kima. Da shi nake zuwa rumfata a Kasuwar Litinin, inda nake sayar da atamfa da shadda, sana'ar da mahaifinmu ya zo da ita daga Kano. A bayan kujerarsa akwai kariya, wato ƙarfen nan da ake ɗaure kaya, kuma a kanta nake kai wa masu saye yadi har gida. Ni mutum ne mai son ƙyale-ƙyale. Duk abin da aka ce sabo ne, in dai ana ɗaura shi a jikin babur, to ni ne farkon saye.

Wata damina matata ta haihu, mahaifiyarta ta zo daga wajen Konduga don ta kula da ita. Babarbariya ce doguwa, manomiya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata zalla. Iya muke ce mata. Tsakanina da ita kunya ce irin ta surukai, sai dai tata ta wuce ta kowa. Ba ta kallon fuskata, ba ta cin abinci in ina tsakar gida, ba ta taɓa kama sunana ba. In tana da magana sai ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan buhun gawayi ya ƙare," alhali ina tsaye ina ji. Ni kuma in durƙusa daga nesa in gaishe ta da ɗan Barbarcin da na iya, ta amsa idonta a ƙasa.

Wata safiya ta ɗauko ruwan zafin wankan jego, santsi ya kwashe ta a bakin rariya. Allah ya tsare ruwan bai zuba mata ba, amma ƙugunta ya bugu, ƙafar hagu ta riƙe. Likita ya ce ba karaya ba ce, sai dai dole a riƙa kai ta gashi asibiti a kai a kai. Ya ce in ta yi wasa ƙafar za ta sandare, noma ya gagare ta, sallah ma sai a zaune.

Lungunmu a Bulabulin kuwa, in ruwa ya sauka ko tasi ba ta shiga, ramuka ne da taɓo har bakin kwalta. Keken haya mai ƙafa uku bai yawaita ba a lokacin. Matata tana jego, ba ta fita. Abin ya rage daga ni sai babur.

Ranar farko na tsaya a ƙofar gida, na kafe ido a kan kambun babur, na ji ta hau. Madubin ma na karkatar da shi gefe, don kada idonmu ya haɗu. Haka muka je muka dawo. Da yamma matata ta same ni ta ce, "Malam, Iya fa ta dawo ta fi yadda ta tafi. Gargadar hanyar nan tana warware mata gashin."

Nan na ga aikin da na iya ya zo. Washegari na nufi layin masu kayan babur. Wani mai shago mai zaƙin baki ya fito da wasu robobi baƙaƙe da ake cusawa tsakanin zoben sifirin na shokazoban baya.

"Alhaji, wannan in ka sa, ko ƙwai ka ɗauka ba zai fashe ba," in ji shi. Ban je Makka ba, amma na karɓi Alhajin, na karɓi robar.

Gaskiyar robar nan ita ce ta sa babur ya yi tauri. In na ɗaura yadi mai nauyi, baya ya daina nutsewa yana dukan taya, wannan kam ta yi amfani. Amma in mutum ne a kai, kowane rami sai ya ji shi har ƙeya. Na ji hakan a jikina, amma na ce wataƙila a baya ya fi daɗi. Na sa matata ta tambaya. Amsar ta dawo, "Ta ce kalewa," wato lafiya lau. Ga shi kuma ina jin ƙamshin man zafi yana tashi daga ɗakinta duk ranar da muka dawo.

Na cire robobin na koma wajen mai zaƙin baki. Wannan karon wani ɗan ƙaramin shokazoba ya nuna min, mai sheƙi, wanda ake ɗaurawa kusa da na ainihi don ya rage rawar babur. Shi kam ba zan ci amanarsa ba, ya ɗan yi aiki. A kan kwalta, in na haye tudun rage gudu, babur ya daina lilo sau biyu sau uku kafin ya nutsu. Na yi ta cika baki a kasuwa, har maƙwabcin rumfata ya ce saura in sa wa mashin ɗin fanka da labule. Na sake aikawa a tambayi Iya. Kalewa.

Bayan 'yan kwanaki matata ta shigo da ido jajur. Ta ce Iya ta haɗa kayanta, ta ce gida za ta koma, akwai mai magani a garinsu, ta gaji da wahalar da mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida, na ce na sa roba, na sa ƙarfe, me kuma ake so in sa, katifa? Daga baya matata ta roƙi Iya, da ƙyar ta yarda za ta je sau ɗaya tak, ta yi sallama da ma'aikaciyar da ke gasa ta.

Ran nan hantsi ya fito sosai bayan ruwa. A hanyar akwai doguwar katangar wata makaranta, rana ta jefa inuwarmu a jikinta. Ban taɓa lura ba, sai ranar. Na ga inuwata, na ga inuwar babur, na ga wani fili a bayana wanda mutum guda zai zauna ya sake. Can ƙarshe, a kan kariya, ga inuwar Iya, ta miƙe zam, hannayenta biyu a baya sun riƙe ƙarfe. Ashe duk zuwan nan da muke yi ba ta taɓa zama a kan kujera ba. A kan tsurar ƙarfe take zama, can bayan taya inda duka ya fi zafi, don kada ko gefen mayafinta ya taɓa rigata. Muka faɗa wani rami, na ga inuwar ta yi sama ta dawo. Tausayinta ya kama ni har na ji hawaye, kuma na ji haushinta, duk a lokaci guda.

Da muka dawo na gaya wa matata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ni ma ban taɓa leƙowa ba." Ta je ta yi mata magana da yarensu, na ji muryar Iya ta tashi kaɗan. Matata ta fito ta ce, "Ta ce ita ba a haife ta a gidan da ake haka ba." Amma ta ce ma'aikaciyar asibitin ta yi mata faɗa sosai, har ta yi alkawarin ƙarin zuwa ɗaya.

Ba zan iya kallon Iya in ce ta matso ba, bakina ba zai ɗauka ba. Sai na ɗauko sifana. Kusoshi huɗu ne ke riƙe da kariya, na kwance su, na jingina ta a bayan ƙofa. Matata ta ce, "Yadin mutane fa?" Na ce masu kura suna nan. Ta ce, "In ta ga haka ta ƙi hawa gaba ɗaya fa?" Wannan ne abin da nake tsoro, don in ta ɗauka raini ne, ta tafi ke nan da ƙafarta a haka.

Ranar zuwa na tsaya a ƙofar gida kamar kullum, idona a gaba. Na ji takun sandarta, na ji ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Injin yana ta aiki, wata maƙwabciya ta wuce ta gaishe ta ba ta amsa ba. Can na ji babur ya ɗan nutse. Ta hau, a can bakin kujera, amma dai a kan soso.

Na ja a hankali. Yanzu ba ƙarfen da za ta riƙe. Muka zo babban ramin bakin lungu, wanda ba yadda za a kauce masa, na rage gudu har kamar zan tsaya, babur ya gangara ya hau. Sai na ji an damƙi rigata ta baya, damƙa mai ƙarfi irin ta mai riƙe fartanya. Na ɗauka za ta saki in mun hau kwalta. Ba ta saki ba.

Muna daf da katangar makarantar nan na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, kuma ba 'yarta a kusa da za a ce da ita take.

"Tadanyi," ta ce, "tafi a hankali."

Barbarcina kaɗan ne, amma wannan kalmar na san ta. Ɗana, ke nan. Matar da ba ta haifi namiji ba. Na ce, "To, Iya," na ƙara rage gudun da dama babu shi.

Ta gama gashinta kaf, ta koma gonarta kafin a yi girbi. Babur ɗin na sayar da shi lokacin da aka hana hawa, da ɗan shokazobansa mai sheƙi. Har yau matasa masu hawa a wajen gari sukan tambaye ni ko irin waɗannan kayan suna da amfani. Nakan ce robar ta kaya ce, ƙaramin ƙarfen yana ɗan taimakawa a kwalta, amma su fara waiwayawa su ga inda na bayansu yake zaune.

Iya ta tsufa yanzu, amma da ƙafarta take zuwa mana. Har gobe ba ta cin abinci a gabana, sunana ma ban taɓa ji a bakinta ba. Sai dai duk ranar da na raka ta bakin titi za ta hau keke, ba ta neman ƙarfen ƙofa. Hannun rigata take kamawa.