An Zaunar Da Ni Cikin Manya Tun Ban Yi Famfara Ba

Edita, ni tsoho ne yanzu, amma abin da zan faɗa ya same ni ne ina ɗan yaro a Zangon Kumasi, zamanin da motoci suka fara karɓe dakon goro daga jakuna. Mahaifina dillalin goro ne, bai yi karatu mai zurfi ba, kuma abin yana cin ransa. Ni kuwa Allah Ya ba ni kunne, duk surar da na ji yayyena suna biyawa sai in kwashe ta. Da ya lura, sai ya cire ni daga cikin tsarana masu koyon babbaƙu, ya kai ni zauren wani malami inda magidanta ke karatun littattafai.

Malamin ya ce na yi ƙanƙanta, a bar ni in yi wasa tukuna. Mahaifina ya ce wasa bai taɓa kai kowa ko'ina ba. Haka na riƙa zama tsakanin masu gemu, ƙafafuna na sagewa, ina maimaita kalmomin da ban san ma'anarsu ba. Ta ƙofar zaure nake hango yara suna langa, suna ihu da Hausa da yaren Asante. Manya ba sa hira da ni, yara kuma suka daina zuwa kirana.

Wata rana fatake suka sauka gidanmu, mahaifina ya tsayar da ni gabansu in yi karatu. Na buɗe baki, ba abin da ya fito, sai fitsari ya bi ƙafata. Bai doke ni ba, kau da kai kawai ya yi, kuma bai ƙara kirana gaban baƙi ba. Tun ranar in'ina ta kama ni. Gwaggona ce ta ɗauke ni. Idan tana tankaɗe sai ta zaunar da ni, ta zana baƙi ɗaya cikin gari da yatsa, in share in kwaikwaya, muna dariya. A nan na fara gane karatu. Amma tsarana sun riga sun saba da rashina, ban yi aboki ba sai da na zama saurayi.

Na yafe wa mahaifina, so ne ya sa shi. Sai dai iyaye da malamai, ku ji tsoron Allah kan ƙananan yara. Ku ba yaro daidai abin da zai iya ɗauka, ku bar shi cikin sa'o'insa. Karatun da na rasa na rama shi daga baya. Yarintata ce har yau ban samu inda zan rama ta ba.